Mai Guga da Kwamfutar Auta

A ƙarƙashin wani babban otal akwai ɗakin wanki mai taga ɗaya, wadda ba ta nuna komai sai ƙafafun masu wucewa a titi. A nan yayan Auta ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Tun yana saurayi yake tsaye a gaban tebur ɗaya, yana goge rigunan mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, har sunansa na yanka ya bi iska. Kowa Mai Guga yake ce masa, har da surukarsa. Mutum ne kakkaura marar yawan magana, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda danna dutsen guga. In an cire zafi, bai san wani abu sosai a duniya ba, amma zafi kam ya san shi. Ba ya duba lambar da ke jikin dutse. Bayan hannunsa yake kaiwa kusa, ya ce wannan ya yi wa auduga daidai, wannan kuwa zai cinye siliki. Kuma yana da wata ɗabi'a da ubangidansa na farko ya dasa masa: ba a ɗora dutse a kan kayan mutane sai an gwada shi a kan tsumma, a sake gwadawa, har zuciya ta kwanta.

Gidansa ciki biyu ne da ɗan tsakar gida. Shi da matarsa, wadda ake kira Maman 'Yan Biyu, da yaran suna ɗaki ɗaya. Ɗayan na Auta ne.

Auta ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma iyayen duk sun rasu. Da can dogo ne mai rawar kai, bakinsa ba ya shiru, aikinsa hawa rufin gidaje yana kafa wa mutane farantin talabijin. Ba ya sauka ta tsani in ya ga zai iya dirowa. Wata rana kwanon rufi ya zame da shi daga saman bene. Bai mutu ba, amma daga ƙugu zuwa ƙasa jikin ya daina jin kira. Da aka sallamo shi daga asibiti, sai ya juya fuskarsa bango. Abokai suka yi ta zuwa suna "sannu, sannu", har suka gaji suka ɗauke ƙafa. Abinci sai an yi da gaske yake cin loma biyu. Mai Guga ne ke yi masa wanka kullum da safe kafin ya tafi aiki, ya juya shi, ya canja masa zanen gado, kuma zanen nan a goge yake sumul, domin wannan ne kaɗai abin da ya iya yi masa da kyau.

Ana nan sai wani tsohon abokin aikin Auta ya kawo masa kwamfutarsa ta cinya da ya daina amfani da ita. Tsohuwa ce, murfin ya tsage a gefe, amma akwai wasa a ciki. Wasan na mutum huɗu ne, kowa yana gidansa a wani gari, suna haɗuwa a cikin allo su zama ƙungiya ɗaya, suna jin muryar juna ta abin da suke maƙalawa a kunne. Auta ya faɗa cikin wasu mutum uku da bai taɓa gani ba. Aikinsa a cikinsu shi ne gudu: ya tsallake katanga, ya haye rufi, ya ɗauko abin da ake nema ya dawo kafin a harbe shi. Suka sa masa suna Barewa. Bai taɓa gaya musu a kwance yake ba.

Mai Guga ya tsani abin nan tun ranar farko. Ƙato da gemu, a ce ya wuni yana ihu da mutanen da ba ya gani? Ga fankar cikinta tana gurnani kamar tsohon injin busar da kaya. Amma Maman 'Yan Biyu ta ja shi gefe ta ce, "Kai dai ka yi shiru. Yau kwano biyu ya cinye, har ya ce gishiri bai ji ba." Bayan kwana kaɗan Auta ya ce a kira masa mai aski. Daga nan Mai Guga ya kama bakinsa.

Wata safiya yana cikin yi masa wanka, ya yaye zane sai ya tsaya cak. A cinyar dama akwai wani ja mai faɗin tafin hannu, tsakiyarsa ya tashi ya duri ruwa. Ba sai an gaya masa ba. Ya sha ganin irin wannan shaidar a jikin riga idan sabon yaro ya bar dutse ya tafi hira.

"Auta, a ina kake ɗora abin nan?"

"A cinyata mana, Yaya. A kan bargo. To ina zan ɗora?"

"Ba ka ji zafi ba?"

Yana rufe baki ya gane abin da ya faɗa. Auta ya dube shi, ya yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji, ya ce, "Da na ji, ai da sai mu yi biki."

Nas ɗin da ta zo ta wanke ciwon ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce ƙuna a jikin da jini ba ya gudu sosai ba ta saurin rufewa, wani lokaci ma ba ta rufewa. Mai Guga ya sa kafinta ya haɗa ɗan tebur mai gajerun ƙafafu da ake ɗorawa a kan gado, cinya ta huta. Sai dai kwamfutar ta fito da sabon hali. Wasa na yin daɗi, fanka za ta ɗaga murya, hoton ya fara cijewa, sai allon ya yi baƙi ɗif. Barewa ya ɓace a tsakiyar gudu, 'yan uwansa uku su sha kashi.

Mai Guga ya yi abin da ya sani. Idan dutse ya wuce kima, a kan jiƙaƙƙen tawul ake dangwala shi. Ya jiƙa tawul, ya matse, ya shimfiɗa a ƙarƙashinta. Ranar ko ɗumin kirki ba ta yi ba ta ɗauke. Dole ranar hutunsa ya naɗe ta a cikin zanen gado ya nufi wurin mai gyara.

Mai gyaran yana da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani ginin masu sayar da waya, wurin da mutum biyu ba sa tsayawa a miƙe. Injiniya ake ce masa. Siriri ne mai tabarau da bakin tsiya. Da ya ji labarin tawul, sai ya cire tabarau ya goge ido.

"Wato ka toshe mata hanci, ka kuma ba ta ruwa. Baba, me ta yi maka?"

Ya kifa ta, ya kwance notocin bayanta yana jera su a murfin kwalba, ya ɗaga marfin. Gashin bargo ya dunƙule a bakin fanka ya zama kamar soso. Wannan kam Mai Guga ya gane shi, kullum yana kwashe irinsa daga injin busarwa. Sai Injiniya ya ɗaga wani lanƙwasasshen bututu na jan ƙarfe, ya nuna masa wani ɗan abu mai kusurwa huɗu da bai fi farcen babban yatsa ba.

"Wannan ce ƙwaƙwalwar. Ita ke yin zafi. Bututun nan shi ke kwashe zafin ya kai wa fanka. Amma ƙarfe da ƙarfe ba sa haɗa baki sosai, sai an sa musu mai a tsakani. Dubi naka."

Man da ke wurin ya bushe ya tsattsage kamar laka a rani. Injiniya ya goge shi da auduga da sifirit har wurin ya yi ƙyalli, ya ɗauko 'yar sirinji marar allura, ya ɗiga wani mai kauri ruwan toka, ya mayar da bututun a hankali. Man yana da sunansa na boko, amma Mai Guga man sanyi ya sa masa, kuma a haka ya tsaya.

"Shi ke nan ta warke?"

"A'a. Gara in gaya maka gaskiya. Bututun ya gaji, wasan kuma ya fi ƙarfinta. Man nan ba magani ba ne, lallashi ne. Za ta yi 'yan watanni ta koma. Kuma duk ɗaukewar da take yi saboda zafi, rai take ragewa. Wata rana za ta ɗauke ba ta dawo ba."

"Sabon bututu fa?"

"Sun daina yin irinta tun 'ya'yanka ba su fara tafiya ba. Sabuwa za ka saya masa."

Injiniya ya dubi tsohon takalmin Mai Guga, bai sake tayar da maganar ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da gidan ya gani tun faɗuwar Auta. Tun daga bakin ƙofa Mai Guga ke jiyo shi yana "Ku tare min hagu, ga ni nan, ga ni nan." 'Yan biyu sukan hau gadon su zauna a gefensa baki buɗe. Wata rana Auta ya maƙala wa yayansa gefe ɗaya na abin kunnen, Mai Guga ya ji wata murya mai kauri tana cewa, "Barewa, wai kai ba ka gajiya ne? Wallahi in muka haɗu sai na ga ƙafafun nan naka." Auta ya ƙifta masa ido, ya ce wa mai muryar, "Sai ka biya kuɗin kallo." Mai Guga ya fita tsakar gida ya daɗe yana wanke hannun da ba shi da datti. Daga ranar ya ɗauki wata al'ada: in ya dawo aiki, kafin ya gaisa da kowa, sai ya kai bayan hannunsa ƙarƙashin kwamfutar ya ji yadda take.

Da hannun nasa ya fara sanin zafin ya dawo, tun kafin allon ya nuna. Kai ta wurin Injiniya kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin hutunsa rana ɗaya ce a mako, shagon kuma kullum da layi. A zuwa na biyu Injiniya ya miƙa masa ragowar sirinjin da ƙaramin sukurudireba ya ce, "Ka ga yadda nake yi. Ba tiyata ba ce. Ka riƙa yi da kanka."

Ya yi da kansa, ya kuma yi irin na mai guga. A wurinsa kwala ba ta tsayuwa sai ta sha sitaci, don haka ya matso man da yawa, ya baje shi da yatsa har gefe da gefe, ya lallaɓe shi sumul. Da zai mayar da bututun, ya danna da kafaɗar da ta saba danna dutse, ya ɗaure noti ɗaya tam kafin ya taɓa sauran. Bututun ya zauna a karkace, gefe ɗaya a sama, shi bai sani ba.

Ashe a makon ne ƙungiyar su Auta za ta shiga wata gasa da suka daɗe suna shiri. Maman 'Yan Biyu ce ta ba shi labari da ya dawo. Ta ce ana tsakiyar ihu sai ta ji shiru. Ta leƙa ta tarar allon baƙi, Auta yana ta danna maɓalli, kwamfutar ta ƙi tashi sai da ta huce, ta tashi ta sake ɗaukewa. Mai Guga ya shiga ɗakin yana jin kunya kamar wanda ya ƙona rigar ango.

"Ka ce ka iya, Yaya," in ji Auta.

Injiniya ya buɗe ta ya ga aika-aikar, ya riƙe baki. "Fenti ka yi mata? Ɗigo ɗaya ake sawa, kamar ƙwayar shinkafa, a tsakiya. Ba a bajewa, bututun ne zai baje shi. Notocin kuma kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai waccan. Ka ci sa'a ba ta mutu ba. In ta sake shan irin wannan zafin, kada ma ka kawo min ita." Ya ce a bar ta zuwa mako mai zuwa, aiki ya yi masa yawa. Da makon ya zagayo, Mai Guga ya tarar da shagon a rufe, maƙwabta suka ce an yi wa Injiniya rasuwa ya yi tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Wani ɗan uwan Injiniya ya miƙo masa kwamfutar a cikin zanen gadonta, yadda ya kawo ta.

To a nan ne halin Mai Guga ya tashi. Tsoro ya kama shi, kuma in tsoro ya kama shi, koyarwar ubangidansa yake komawa: sai an gwada a kan tsumma. Ya ɗora kwamfutar a saman kwaba ya ce ba mai kunna ta. Ya samo fasasshen madubi da man goge baki, kullum lokacin cin abinci a wurin aiki sai ya zauna yana ɗiga ƙwayar shinkafa, ya ɗora wani gilashin a kai, ya ga yadda ta baje. Ya samo mataccen rediyo yana kwance notocinsa yana mayarwa, yana koya wa hannunsa sassauci. Abokan aiki suka sa shi a gaba. "Likita, yau haƙorin wa za a cire?" Bai kula su ba. Hannun da ya shekara da shekaru yana dannawa ba ya koyon sakin jiki a kwana biyu.

Auta ya yi ta roƙo. "Yaya, ka ba ni ita a haka. Ko gaisawa in yi da su. Ba zan shiga wasa ba."

"Na san ka. Kana jin muryarsu za ka shiga. In ta mutu fa?"

"To ka yi gyaran yau."

"Hannuna bai faɗa ba tukuna."

"Yaushe zai faɗa?"

"In ya faɗa zan sani."

Maman 'Yan Biyu ma ta sa baki, ta ce kwanon Auta ya fara dawowa da saura. Ya ce ta bari, so yake ya yi sau ɗaya ya yi daidai. Gaskiyarsa ce ta wani gefen, kuma don ƙauna yake yi. Amma shi a duniyarsa riga tana jira a kan rataya har sai an zo gare ta, bai san akwai inda ba a jira ba. Mako ya bi mako.

Ranar da hannun ya faɗa, ranar hutu ce da hantsi. Ya shimfiɗa farin zane a tsakar gida, ya kori yara, ya kwance kwamfutar. Ya goge fentinsa na da har ƙwaƙwalwar ta nuna masa idonsa. Ya ɗiga ƙwaya ɗaya a tsakiya. Ya sauke bututun kamar mai kwantar da jariri, ya bi notocin kusurwa-kusurwa. Da ya kunna ta, fankar ta yi wani siririn sauti da bai taɓa ji daga gare ta ba. Ko Injiniya bai yi kamar wannan ba. Ya kai wa Auta, ya ɗora masa a tebur, ya fita don kada a ga yadda bakinsa ya ƙi rufuwa.

Washegari ya wuni a wurin aiki yana waƙa a ciki. Da yamma ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraron ihu, bai ji ba. Matarsa tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta dube shi ta mayar da kai. Ya shiga ɗakin. Kwamfutar tana kan tebur a buɗe, allon a kunne. Ya kai bayan hannunsa ƙarƙashinta, ya ji ta da sanyi kamar farantin da aka wanke.

"Ka gani ko?" ya ce. "Wuni guda, ko ɗumi babu."

"Na gani, Yaya. Ka iya."

Sai a lokacin ya lura abin kunnen yana rataye a ƙarfen gado, wayarsa a nannaɗe. A allon ba kowa, hoton wani tsauni ne kawai.

"Ina mutanen naka?"

"Sun sami wani. Huɗu ake yi, sun cika." Auta yana maganar yana kallon silin. "Sun gaishe ni da kyau. Sun ce sun jira, sun yi ta aiko saƙo. Ba laifinsu ba ne. Wa zai riƙe mutumin da ke ɓacewa a tsakiyar gudu, daga baya ma ya ɓace gaba ɗaya?"

Mai Guga ya zauna a bakin gado. "Ka gaya musu halin da kake ciki mana. In sun ji, za su mayar da kai."

"Za su mayar da ni, na sani. Su riƙa ce min sannu." Ya juyo ya dubi yayansa. "Can ne kaɗai ba a ce min sannu, Yaya."

"To ka nemi wasu. Ai mutane ba su ƙare ba."

"In saba da su, zafin ya dawo, in sake ɓacewa? Wata nawa Injiniya ya ce?"

Mai Guga ya so ya ce man yana nan da saura, hannunsa kuma yanzu ya faɗa, ko sau nawa ne zai canja. Amma shi ma ya ji abin da Injiniya ya faɗa game da bututun, kuma bai iya ƙarya ba. Baƙin ciki ya kama shi, ga haushin kansa, ga haushin madubi da man goge baki.

"Ɗauke min teburin," in ji Auta. "Ka juya ni. Bayana ya gaji."

Ya ɗauke teburin, ya sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu kamar yadda nas ta koya masa. "Wane gefe?"

"Bango."

Da ya juya shi, zanen ya zame, ya ga bandejin cinyar ya sake jiƙewa. Ya canja shi, ya ja zanen ya rufe, ya miƙar da inda ya tattare.

Har yau kwamfutar tana nan a kan ɗan teburin, a gefen gado, a jone da wuta. Maman 'Yan Biyu ta ce a rufe ta a ajiye kada ƙura ta shiga, ya ce a bar ta inda hannun Auta zai kai. Sirinjin yana aljihun rigarsa ta aiki, da ragowar da za ta yi sau biyu ko uku. Kwanon Auta yana dawowa kusan yadda aka kai shi, mai aski kuma ya daɗe bai zo ba. Kullum da yamma Mai Guga yakan shiga ɗakin kafin ya cire takalmi, ya kai bayan hannunsa ƙarƙashinta, yana fatan ta ƙone shi. Kullum da sanyinta yake samunta.